Karbur da Burs ɗin Zaliha

A Madawa sunka haɗu, ranar kasuwa. Zaliha, ɗiyar Malam Dauda na Tama, ta kawo ƙafar gadon innarta a liƙe mata. Aƙilu mai walda ya zuba ruwa bisa karbur, iska mai wari ta tashi, ya kunna wuta. Kowa ya ja baya, ban da ita.

"Malama, warin bai dame ki ba?"

"Da danginshi nike aiki a jami'a," ta ce. "Ina haɗa shi da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, da wani ruwa mai ƙarnin kifi, amin sunanshi. Ba su kama juna sai an sa ɗan ƙarfe, rutaniyom. Abin da ke fitowa shi ne binil karbamat, ana yin magani da roba da shi."

"Ashe maƙeriya ce ke!"

Ta yi dariya har ta manta gadon.

Tana komawa Yamai, saƙo ya riga ta isa: "Maƙeriyata, kin iso lafiya? Garejin ga duk ya yi mini duhu."

Ta amsa: "Sa tabarau dai, masoyi. Ina son idanun nan."

Ana haka ta samu burs, tallafin karatu, zuwa Faransa, inda akwai tukunyar ƙarfe mai jure matsin iska, wadda ɗakin gwajinsu na jami'a ba ya da ita. Malam Dauda ya ce ɗiyarshi ba ta ƙetare ruwa sai da aure. Ta kawo mishi Aƙilu, ta ce shi take so.

"Jikan maƙera? Gidanmu ba a taɓa ba. Ga Fahad ɗan ƙanena."

"Baba, Fahad ya ce in na aure shi karatu ya ƙare."

"To zauna."

Aƙilu ya rubuto: "Ki ce kin bar ni, ƙila shi sake ki ki tafi." Ta ɗauka gajiya ya yi da ita. Ta daina amsawa, shi kuma girman kai ya hana shi kira. Damina ta wuce a haka, wauta tsagwaronta.

Innarta ce ta tsaya wa Malam har ya sakko. Sai dai lokacin an riga an ba wani gurbin karatun.

Ita da Aƙilu sun shirya, an ɗaura musu aure a Tama bayan girbi. Zaliha na koyarwa yanzu a koleji, a Buza, da alli kaɗai.

Ranar kai amarya, Malam Dauda ya kira ta zaure. Ya daɗe yana murza carbi.

"Wanga aiki naki... ba a iya yin shi nan gida? Ko mijinki shi ƙera miki tukunyar?"

"A'a, Baba. Ba ta ƙeruwa nan."

Aƙilu, durƙushe bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ɗora hannu bisa kanta. "Allah shi yi muku albarka, ku duka biyu. Tashi, mota na jira."