Zumar Mai Duban Raɓa

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wani dattijo mai duban yanayi. Kullum da safe yakan shafa ciyawa. In ta bushe ƙamas, ga iska, sai ya yi shela: "Yau babu raɓa, kada a kai wuta daji."

Wata rana tari ya kwantar da matarsa, aka ce maganin sai zuma. Ya gano zuma a kogon kuka, amma ɗibarta sai da hayaƙi, kuma ranar babu raɓa. Ba mai ganinsa. Ya daɗe riƙe da ƙyastun kunna wuta, sannan ya mayar aljihu, ya hau kukar haka nan, ba hayaƙi.

Ya dawo da zumar, fuska a kumbure.

Matar ta ce, "Malam, me ya same ka?"

Ya ce, "Ƙudan zuma ne kawai. Tashi ki sha."