Alƙalamin Ƙirya Daga Kalgo

Ruwan la'asar ya ɗauke ke nan, indararon gidan Rabi na ta ɗiga cikin randa, ita kuwa Rahmatu tana zaune bakin ƙofar ɗaki da jakar tufafinta a buɗe, ta riƙe ɗankwali ɗaya tun ɗazu ba ta ninke ba. Idonta na kan hayaƙin da ke tashi daga wajen fadama. Sai da yayarta Rabi ta taɓa mata kafaɗa sannan ta ji ana sallama a zaure.

Shekara biyu ke nan da aka turo Rahmatu koyarwa a wata firamare ta Kalgo, a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. A makarantar ta haɗu da Sule, ranar da ya zo gyaran bencuna. Ɗan Sambo masassaƙi ne, wanda rabin turamen garin suka fito daga hannunsa, amma shi Sule ya yi makarantar koyon sana'a, ya dawo da injin da ke juya itace ana fere shi, yana fitar da ƙafafun gado da na tebur sumul kamar an zuba su. Ba shi da yawan magana. Idan ya zo zance sai ya zauna can ƙarshen tabarma, ƙamshin itace na tashi daga rigarsa, ita kuma ta yi ta ba shi labarin 'yan ajinta.

Wata uku da suka wuce baffanninsa suka je Gwandu neman aurenta. Mahaifinta Malam Yusufu na kwance tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, don haka maganar gidan ta koma hannun yayarsa, Goggo Hajjo, wadda ta reni Rahmatu bayan rasuwar mahaifiyarta. Goggo ta sa aka ba baƙi fura, aka sallame su da cewa za a yi shawara. Da suka fita ta faɗa wa kowa cewa jikar malaman Gwandu ba ta shiga gidan gatari da gizago. Yanzu kuma ta aiko wa Rahmatu cewa ta nemi canjin wurin aiki ta dawo gida jinya, kuma kada ta sake karɓar ko da wasiƙa daga Kalgo.

A zaure Sule ya shimfiɗa wani ɗan littafi mai hotuna. Katalog ne na wani kanti a Kaduna, tsohon malaminsa ya ba shi. A ciki akwai kayan haɗa biro, saiti-saiti: bututun tagulla da ake cusawa cikin itace, da baki, da marfi, da maƙali, da cikin tawada. Mai injin shi zai fere itacen ya sa musu jiki. Ya ce so yake ya yi mata guda ɗaya ta tafi da shi, ya nuna mata wani gajere mai ruwan zinariya, ya ce zai shiga jakar hannunta.

Rahmatu ta juya shafin. Can ƙasa akwai wani dogo, bututunsa ɗaya tilo, ya kusa kai tsawon taƙi. Ta tambaye shi abin da aka rubuta a gefensa. Ya ce irin wannan tawadarsa ruwa-ruwa ce, akwai 'yar ƙwayar ƙarfe a bakin tana mirginawa, ba sai an danna ba, da ya taɓa takarda zai bi hannu.

Ta daɗe tana kallon hoton. Tunaninta ya koma tana ƙarama a zauren mahaifinta, hasken hantsi na shigowa ta ƙofa, dogon alƙalaminsa na gamba yana kwance tsakanin babban yatsa da manuni yana rausaya. Ta gaya wa Sule cewa Baffa, wato mahaifinta, yana tsakiyar kwafe wani littafi na kakansa, wanda gara ta fara ci, ciwo ya same shi. Yatsunsa ba sa iya matse gamba, biron kasuwa kuma sai an danna, zamewa yake yi. Wata bakwai ke nan ko kallon takardun ba ya yi, fuskarsa na wajen bango.

"Idan za ka yi, wanga dogon za ka yi," in ji ta. "Amma ba ni za ka yi wa ba."

Sule ya ɗago ya dube ta. Gidan da ya mayar da iyayensa da kunya, shi ake cewa ya yi wa aiki.

"Kuma kada ka sa sunanka, Sule. Ba na so a ce saye muka zo yi."

Ya ɗauki katalog ɗin, ya dube shi da kyau, sai ya shiga tambayarta. Shin Malam na iya murɗa marfi? Ta ce a'a. Ya ce to mai zarewa za a ɗauka. Ya ce ruwan zinariya ba zai yi wa malami daɗi ba, sai farin ƙarfe. Ya duba lambar cikin tawadar, ya tabbatar irin wanda ake samu ne a kantunan littattafai na Sakkwato, don kada ta ƙare biron ya zama ado. Da zai tafi bai ce mata komai game da su biyun ba, sai dai ya roƙe ta ta auno masa tsawon tsohon alƙalamin Malam da zare, ta ba Rabi.

Sati bakwai odar kayan biron da Sule ya aika Kaduna ta yi kafin ta iso gidan waya. A cikin kwanakin Sule ya zaɓi itace. Maɗaci ya yi masa sauƙin nauyi, kanya kuma ta tsage masa har sau biyu, domin dogon bututu sai an huda itace miƙe tun daga sama har ƙasa, da ƙarfen huji ya kauce kaɗan an yi asara. Mahaifinsa, wanda da farko ya ce wannan wasan yara ne, shi ya shiga rumbu ya ɗauko masa guntun ƙirya da ya shekara goma yana bushewa.

A Gwandu kuwa Rahmatu na jinya tana koyarwa. Da yamma takan zauna gindin darbejiya tana tsince shinkafa, idan iska ta kaɗo ƙamshin ƙasa sai ta ga kamar ga Sule can a sunkuye kan injinsa, ɓawon itace na tashi yana sauka a gashinsa. Sau biyu wata ƙawarta ta ce ta rubuta wasiƙa ita za ta kai a ɓoye. Ta ƙi. Ta ce Goggo ta hana, kuma nonon Goggo ne kawai ba ta sha ba.

Rabi ce ta kawo biron, naɗe cikin ƙyalle. Ja ne mai duhu, yana sheƙi, ya ɗan yi kauri a inda yatsu ke kamawa. Rahmatu ta ajiye shi kan buzun mahaifinta tare da takarda, ta fita. Kwana biyu bai taɓa ba. A rana ta uku da hantsi ta shigo da kunu, ta tarar da shi a jingine, dogon jikin biron ya kwanta masa a hannu yadda gamba ke kwanciya, ya rubuta bisimilla, harufan na rawa amma suna karantuwa. Hawaye na bin gemunsa.

Da ya tambaye ta wanda ya yi, ba ta iya yi masa ƙarya ba. Goggo Hajjo na bakin ƙofa ta ji. Ta ce dama ta san makirci ne, an biyo ta hannun majinyaci don a karya mata magana. Rahmatu ta durƙusa tana kuka, ta ce wallahi ko a ba shi ko a hana, ita dai so take Baffa ya tashi. Goggo ta kwana uku ba ta amsa gaisuwarta ba.

Malam Yusufu ya ce bai dace ya riƙe kyautar mutumin da gidansa ya hana ba. Ya sa aka ɗauko masa mota, mijin Rabi ya riƙe shi, suka tafi Kalgo.

Sun tarar da Sule a rumfarsa. Ya kashe injin, ya durƙusa har ƙasa ya yi gaisuwa. Malam ya miƙa masa biron ya faɗi abin da ya kawo shi. Sule ya karɓa da hannu biyu, amma idonsa na kan yatsan Malam na tsakiya, inda fata ta yi ja.

"Allah shi gafarta Malam, nan yake cin ka?"

Malam ya ce ƙwarai, idan ya daɗe yana rubutu.

Sule ya kwance biron, ya mayar da itacen kan injin, ya rage wurin kaɗan-kaɗan, ya goge, ya shafa masa mai. Ya haɗa shi ya ɗora a tafin Malam.

"Da ma ban ga hannun ba na yi shi. Malam, ka yi haƙuri ka koma da shi. Ko an ba wani Rahmatu gobe, wanga naka ne, ni ba ni da hannun da zai yi daidai da shi."

Malam ya dube shi, ya dubi guntayen kanyar da suka tsage a gefe, sannan ya riƙe biron suka shiga mota.

A gida ya kira yayarsa, suka daɗe su biyu. Ya ce mata ya bar mata magana ne don ciwo ya karya masa zuciya, ba don ya yarda ba. Ya ce shekara arba'in yana karantar da mutane cewa ɗaukaka a wurin Allah da tsoronSa take, ba da gidan da aka fito ba, ga shi sai da ya je rumfar masassaƙi ya ga abin da yake faɗa. Da Juma'a ta zagayo, Goggo da kanta ta aika wa baffannin Sule cewa an gama shawara.

An ɗaura aure bayan an yanke shinkafa. Duk wanda ya ji labarin ya san cewa Rahmatu da Sule ba da rigima suka samu juna ba. Sun bi iyaye a lokacin da bin ke da ɗaci, sun yi alheri ba su rataya masa sharaɗi ba, Allah kuwa ba ya tozarta mai irin wannan haƙuri. Sana'ar halal kuma ba ta rage wa kowa daraja.

Ranar da za a kai amarya Kalgo, Goggo Hajjo ta ja ta ɗaki, ta gyara mata lulluɓi da hannunta.

"Ɗiyata, da kin yi mini ɓoyo ko sau ɗaya, da har in mutu ina ganin ni ad da gaskiya," in ji ta. "Kin bi ni ina kan kuskure. Ki yafe mini, ki tafi gidanki."