Bargon Jikan Kartinah

"Mas Danang, ina allurar kekena?!"

Laras ce, matata, tsaye da cikinta wata bakwai, idonta ya kawo ruwa. Mas take ce mini don girmamawa, ni kuma in ce mata Dik, wato ƙanwa. Na kalli Ibu, mahaifiyata. Ko a jikinta, tafarnuwarta kawai take ɓarewa.

"Tana wurina," in ji Ibu. "Mai ciki ba ta ɗinki. So kike ki ɗinke wa yaro hanyar fitowa?"

"Bu, bargon jariri ne fa... saura kaɗan!"

"Na ce a'a."

Bara Laras ta yi ɓari, tun daga nan Ibu ko tsinke tsoronsa take. Ita kuma Laras, zannuwan batik na mahaifiyarta, wadda ta rasu tun kafin aurenmu, ta yayyanka ta harhaɗa, ta sa auduga a tsakiya. Ɗinkin sama ya rage, wanda ake yawo da ƙyalle a ƙarƙashin allura yadda hannu ya ga dama. Burinta ɗaya ne, ɗanmu ya kwanta cikin kayan kakar da ba zai taɓa gani ba.

Na shiga tsaka mai wuya, don wallahi ina son matan nan biyu.

"Dik Laras, sanyin idona, share hawayenki. Ni zan ɗinka!"

Na lallaɓa Ibu ta ba ni allura, na hau keke da ƙarfin hali irin na ɓarawo da sallama. Kafin ka ce kwabo zare ya cukurkuɗe kamar taliya.

"Wayyo zanen mahaifiyata!" in ji Laras.

"Tashi, sakarai!" Ibu ta ɗaka mini duka a kafaɗa. "Kai ba uban cikin ba ne? Dokar har da kai!"

Ta ture ni ta zauna. Rayuwarta duk kayan makaranta ta ɗinka, layi a miƙe ɗoɗar.

"Bu, sauke haƙoran keken tukuna," in ji Laras a hankali. "Ke za ki ja ƙyallen, ba shi ba."

"To ina layin da zan bi?"

"Babu layi... duk inda hannunki ya so."

"Ɗinkin mahaukata ke nan!"

Ta taka dai. Da farko hannun ya ƙi lanƙwasa, tana yi tana tsaki. Laras ta tsaya a bayanta, ta dafa mata kafaɗa tana cewa hagu, dama. Sannu-sannu zare ya soma zagaye furannin batik ɗin.

Can Ibu ta ɗaga ƙafa daga keken.

"Yaya ma sunan mahaifiyarki?"

"Kartinah..."

Keke ya sake tashi. A gefen bargon, da zare, harufa suka fito ɗaya bayan ɗaya, manya-manya, a karkace: Kartinah.

"Jikanmu ne mu biyu," in ji Ibu, ba ta ɗago ba. "Ba zan cinye mata rabonta ba."

Laras ta fashe da kuka, ta rungume ta ta baya.

"Sake ni, 'yar nan, za ki sa in soke yatsa!"

"Ba zan sake ki ba, Bu... sai kin rubuta naki kusa da nata."