Jar Dawar Tururuwa

Ranar Litinin, 11 ga Maris 1974, gari ya waye a Filinge da zafi tun kafin rana ta ɗaga. Yalwa na durƙushe gaban mahaifiyarta Tambara, murhu ko toka mai ɗumi babu.

"Ki kashe auren nan," in ji Tambara. "Ɗiyata ba ta zama matar ɓarawo."

"Inna, Gado bai yi sata ba."

"To, mi ya kai shi kaso?"

Jar dawa ce ta kai shi. Buhunan abincin taimako sun ɓace a mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati, jandarma suka iske ƙwarya guda ta irin dawar a ɗakinsa. Gado ya rantse gidan tururuwa ya tona a bakin hanyar mota, kamar yadda Kurfayawa, mutanen yankin, ke yi in yunwa ta kai maƙura. Alƙalin, baƙo daga Yamai, ya yi murmushi ya ɗaure shi.

"Tun ina yarinya nike tonon tururuwa," in ji Tambara. "Ƙwayar ciyawa takan tara. Yaushe ta fara ajiye dawar Turawa?"

Yalwa ta share hawaye, amma ba ta nemi saki ba. A rijiya mata sukan janye tulunansu in ta iso.

Da yunwa ta tsananta, Tambara da kanta ta ɗauki fartanya ta nufi bakin hanya. Ta tona, ta zura hannu, sai ga jar dawa, wadda ke zuba daga motocin taimako tururuwa na kwashewa. Ta daɗe zaune cikin rana.

"Tashi, Yalwa," ta ce da ta dawo. "Mu tahi wurin alƙali. In bai yarda ba, shi zo shi tona da hannunshi."

An aiko jandarma, an tona gabansu, aka sake duba shari'ar, aka wanke Gado.

Hukuncin kuskure ba mutum ɗaya yake ɗaurewa ba; yana ɗaure matarsa a rijiya, ya sa danginsa su gaskata ƙarya. Yalwa ta gode wa Allah da ya ba ta haƙuri, ya kuma ba uwarta zuciyar komawa kan gaskiya.

An sako Gado daga kaso a Yamai, yana can yana jiran mota. Tambara ta sa aka rubuta masa: "Ɗana, na zalunce ka. Ka taho gida." Ta hana Yalwa riƙe wasiƙar. Da ƙafarta ta je gidan waya, ta jefa ta a akwatin wasiƙu.