Tiyon da Mubashir Ya Tsotsa

Magariba ta kawo kai, ma'aikata sun watse daga garejin da ke bayan manyan sito na Al Warsan a Dubai, an bar Mubashir shi da wani babur. Irin baburan nan ne na hawa duwatsu, marasa wurin zama, waɗanda a Kano da an ce ba a gama ƙera su ba. Ogansa, wani Balarabe mai saurin hawa, ya ce da safe mai babur zai tafi da shi duwatsun garin Hatta. Idan kuloci bai kama ba, Mubashir ya tattara nasa ya nasa. Bizarsa kuwa a hannun ogan take.

Ya kwance tsohuwar mastar kuloci, wato ɗan famfon da ke tura mai in an matsa hannu, ya ɗaura sabuwa, ya ɗaure ta tamau. Tsohon man ya tara shi a gwangwani, baƙi ƙirin. Akwai durom ɗin da ake zubawa, amma ƙyuya ta sa ya zagaya bayan gareji ya tuntsurar da shi cikin wani rami a gindin katanga. Ana tsakar kiran salla. Ko bisimilla bai yi ba. Ɗan Kano ne fa, wanda tun yana ƙarami aka hana shi zubar da ko ruwan zafi a wannan lokaci, amma zaman Dubai ya sa ya ɗauka su ma mutanen ɓoye sai da biza suke shigowa.

Saura cire iska. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana matsa hannun kuloci, ɗaya yana tsugune yana buɗe ɗan notin ƙasa don iska ta fita da mai. Abokin aikinsa Ɗalhatu ya tafi masallaci, sirinjin jawo mai kuma an kulle shi a ofis. Sai Mubashir ya yi yadda ya koya wurin makanikan Ƙofar Ruwa a Kano. Ya cika kofin masta da sabon mai, ya soka tiyo a notin, ya kafa baki ya tsotsa.

Hannun kuloci ya yi ƙiii a samansa.

"Ɗalhatu, har ka dawo? Yawwa, matsa ka riƙe."

Ba a amsa ba, amma an matsa.

"Saki."

Aka saki.

Mai ya biyo tiyo, garau, da 'yan kumfa. Sai ya koma rawaya. Sai wari ya taso, kamar mushen akuya ya kwana a kwata. Mubashir ya kawar da kai. Nan ya kamata ya tsaya, amma ya tuna fuskar oga, ya rufe ido ya sake tsotsa.

Abu mai ɗumi ya cika masa baki. Kauri gare shi, da gudaji-gudaji, kamar tuwon da wani ya tauna ya tofar. Ya furzar. Wani zare ya maƙale masa a maƙogwaro. Ya sa yatsu ya jawo, yana ta zuwa, yana ta zuwa. Gashi ne fari, duk yauƙi.

Daga tsugunen ya leƙa ta ƙarƙashin injin.

Ƙafafu biyu ne a tsaye, ba takalmi. Fatar ta tattare, baƙin mai yana gangarowa daga ƙauri yana ɗiga a siminti.

Ɗis. Ɗis.

"Muna cin abinci ka zuba mana," in ji muryar wata tsohuwa, can ƙasa-ƙasa. "Yarana ba su ci ba."

"Baba, ki yi haƙuri. Wallahi ban sani..."

"Shanye rabonka."

Hannu mai sanyi ya dafe masa ƙeya. Tiyon ya koma bakinsa. Hannun kuloci ya yi ƙiii.

Ya haɗiya.

Ya sake haɗiya.

"Salamu alaikum! Yalla, habibi, mu ƙarasa," in ji Ɗalhatu daga bakin ƙofa, da ɗan Larabcin da ya tsinta.

Hannun nan mai sanyi ya sake shi. Mubashir ya fito da rarrafe yana kwara amai a kan takalman abokinsa. Ɗalhatu ya toshe hanci ya haska bayan babur, bai ga kowa ba, sai danshi a ƙasa.

Da safe kuloci ya kama lafiya lau, babu ɗigon iska a ciki. Oga har da dafa masa kafaɗa. Amma tun daga ranar, ko ruwa Mubashir ya kurɓa ɗanɗanon nan yake ji, da an buɗe kwalbar mai a gareji kuma sai amai. Ya rame, ya zama abin tausayi.

Kafin wata ya ƙare, da ƙafarsa ya je ya ce a soke masa biza. Ogan ya yi ta lallashi. Mubashir ya girgiza kai kawai. Bakinsa cike yake da miyau mai ɗaci, yana ta waige-waige, don yanzu babu wurin da yake yarda ya tofa.