Matar Taragon Ƙarshe

Aikina a tashar ƙarshe ta jirgin ƙasa shi ne tashin masu barci. Jirgin yakan kwaso ma'aikata daga cikin birni, ya yi ta sauke su unguwa-unguwa. Kafin a kai shi makwancinsa, sai in bi tarago-tarago ina buga makulli a ƙarfen kujeru.

Ranar da na kama aiki, tsohon da na gada ya ja mini kunne: "Ɗana, ƙarfe kawai za ka buga. Kada ka kuskura ka tambayi kowa inda zai sauka. Akwai waɗanda ba su da tasha, sai su ɗauki taka."

Na yi dariya, amma shekara shida ina kiyayewa. Sai matata ta rasu. Gida ya yi mini faɗi, har nakan wuni ban ji muryar kaina ba.

Wata magariba na tarar da mace a taragon ƙarshe, a lulluɓe, ta jingina kai da taga. Na buga ƙarfe. Ko motsi. Wani wari ke tashi, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Tausayi ya kama ni, don na san zaman wanda babu mai jiransa.

"Baiwar Allah, ina za ki sauka?"

Fitilu suka dushe.

"Inda za ka sauka," in ji ta, ƙasa-ƙasa.

Ƙofofi suka rufe. Jirgi ya motsa, alhali ga direba can waje yana waya.

Ta miƙe. Kanta ya taɓa rufi.

Na ruga. Ina jin takunta a bayana, ba ta ko sauri.

Na fizgi hannun ƙofar gaggawa, na faɗa kan tsakuwa, gwiwata ta fashe. Da na waiwaya, jirgi na nan tsaye inda yake. Babu kowa a ciki.

Tun daga ranar, da na shiga gida na rufe ƙofa, sai kujerar matata ta yi ƙara kamar an zauna. Da na gaya wa ƙanwata, ta ce, "Yaya, don Allah ka tashi daga gidan nan." Na ce to.

Wata uku ke nan ban tashi ba. Abin da ban gaya mata ba shi ne, jiya da kujerar ta yi ƙara na ce, "Sannu da gida." Kuma na tsaya ina jiran amsa.