Sunan da Fengying Ta Kira a Garin Aljanu

Motar ƙarshe ta masu yawon buɗe ido ta bar Garin Aljanu, wani filin duwatsu a hamada, rana na shirin faɗuwa. Fengying da ƙanwarta Shulan ba su shiga ba. Tsoho Du, direban da ya kawo su daga garin Dunhuang, ya ce zai jira a bakin kwalta, amma da duhu ya rufa zai tafi, ko uwarsa ce a ciki.

Kurwar Baoshan suka zo kira. Baoshan ɗan Fengying ne, shi kaɗai ta haifa, direban motar baƙi a wurin. Wata yamma ya shiga tsakanin duwatsun neman baƙon da ya ɓace, ya fito ba baki. Tun daga ranar yana kwance, ido a buɗe, sai an ɗura masa kunun gero. Asibiti sun duba, ba su ga komai ba.

Kowa ya san yadda ake yi. Uwa ta wuce gaba tana kiran suna, wata ta biyo baya tana amsawa, "Ya dawo," har a fita.

"Sa rigarsa, akwai sanyi," in ji Fengying.

"Yaya, ba ke ya kamata ki riƙe ta ba?"

"Tsohuwar bokanyar da na je wurinta ta ce haka. Ke komai sai kin yi gardama, tun kina tsumma."

Shulan ta sa. Rigar na warin taba da man mota. Ta lura da jan zaren tsari ɗaure a wuyan hannun yayarta, ta dubi nata hannun, ba komai. Wannan matar ce ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, ita ta tauna mata abinci, ita ta aurar da ita. Wa zai tsaya binciken irin wannan?

Suka shiga. Iska ta daɗe tana sassaƙar duwatsun nan, wasu kamar jiragen ruwa a jere, wani kamar raƙumi a durƙushe, wani kamar mutum da aka yanke wa wuya. Baƙar tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalmansu. Ba tsuntsu, ba ciyawa. Ƙasar na warin gishiri.

A gindin wani dogon dutse Fengying ta durƙusa, ta kunna turare, ta ƙona kuɗin takarda na sadakar matattu. Sannan ta kwance ƙunshi ta ajiye turararren burodi mai 'ya'yan magarya a ciki. Irin wannan burodi Baoshan ko kallonsa ba ya yi. Shulan ce ke sonsa.

"Yaya, wannan na waye?"

"Yi shiru. In na kira, ki amsa. Kar ki yi jinkiri."

Iska ta taso daga yamma. Ta fara da fito, ta koma kamar kukan mace a cikin rijiya.

"Baoshan! Taho gida, abinci ya nuna!"

"Ya dawo," in ji Shulan.

Suka taka. Shulan ta ji takun mutum na uku a bayanta, a kan tsakuwa. Ta tsaya, ya tsaya.

"Baoshan! Taho gida!"

"Ya dawo."

Wani abu ya shinshina wuyan rigar. Numfashinsa busasshe ne, yana warin tsohon kabari. Shulan ba ta waiwaya ba. Yaro ma ya san ba a waiwaye a nan.

Fengying ta ƙara sauri. Tazara ta buɗe a tsakaninsu. Sai ta tsaya, ta kira da muryar da take kiran Shulan cin abinci suna yara.

"Douwa!"

Sunan Shulan ne na goyo. Uwarsu ta raɗa mata shi, kuma duk duniya Fengying kaɗai ta rage da ta san shi. Mijin Shulan ma bai taɓa ji ba.

Baki ya riga hankali.

"Na'a—"

Ta damƙe bakinta da hannu biyu.

Iska ta ɗauke cak.

Yatsu masu sanyi suka sauka a kafaɗarta ta hagu.

"Ƙarasa," in ji Fengying cikin raɗa, ba ta juyo ba. "Don Allah ƙarasa. Ke 'ya'yanki uku, duk sun girma. Ni shi kaɗai ne."

Duwatsun suka amsa, kowanne da muryar Fengying. Douwa. Douwa.

A nan tsoro ya bar Shulan, abin da ya fi shi zafi ya shigo. Ta fizge rigar ta jefar. Ta tofa yawu. Ta buɗe baki ta fara zagi, irin zagin matan kasuwar auduga, wanda ba a maimaitawa.

"Baƙar karya! Macuciya! Da ni za ki yi fansa? Har da burodina kika turara, shegiya!"

Tsofaffi sun daɗe suna cewa abin jeji ba ya jure ashar. Shulan ba don shi ta yi ba, yayarta take zagi. Amma yatsun suka saki.

Ta ruga, tana faɗuwa tana tashi, bakinta bai daina ba, har ta hango fitilar tsoho Du. Can sai ga Fengying ta fito, rungume da rigar. A mota ba wadda ta dubi wata.

Washegari Baoshan ya tashi zaune ya ci taliya kwano biyu. Yana ci, yana tafiya, yana share tsakar gida. Amma har yau in ya ga Fengying sai ya tambaye ta, "Baba, wa kike nema?" Rabin amsa Shulan ta bayar, rabin ɗa Fengying ta samu.

Ita kuwa Shulan, kafaɗarta ta hagu ba ta sake ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara. Ta daina amsa kira. Jikokinta sai sun zagayo gabanta ta ga fuskarsu.

Duk yammar da iska ta juyo daga yamma, akan tsaya a ƙofarta a kira sunan nan a hankali, da kuka a murya. Maƙwabta sun ce wani lokacin Fengying ce, da ƙunshi a hannu. Wani lokacin ba su ga kowa ba.

Shulan ba ta taɓa leƙawa ba. A wurinta duk ɗaya ne.